Rumbu A Kan Teku: Tanadi Ne Ko Ɓoyo?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, lalle malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin tanadi da ɓoyo. Tanadi shi ne irin na Annabi Yusufu, alaihis salamu, wanda ya ajiye hatsin shekara 7 na wadata domin shekara 7 na fari. Ɓoyo kuwa, watau ihtikari, shi ne tsare abin da jama'a ke bukata har sai ya yi tsada.

To, ga wani sabon rumbu ya bayyana a wannan zamani. Akan sanyaya iskar gas har awo 162 ƙasa da sifiri, ta zama ruwa, girmanta ya ragu sau 600, sa'an nan a adana ta cikin manyan jirage a kan teku. Kamaru ta soma haka a gaɓar Kribi a 2018, Jamus kuma ta buɗe irin wannan tasha a Wilhelmshaven a 2022, bayan iskar Rasha ta yanke mata. Babu shakka hikima ce abin yabo, gama hayaƙin gas bai kai na kwal ko itace ba.

Amma tambaya ita ce, rumbun na wane ne? Nijeriya tana sayar da ruwan gas daga Bonny tun 1999. Dokar 1979 ta hana ƙona gas a banza daga 1984, duk da haka wutar ba ta mutu ba a rijiyoyin mai, wannan kuwa almubazzaranci ne ƙarara. Alhali a Toranke, cikin ƙasar Ajingi, da ƙauyukan Gaya, yawancin mata da kara da itace suke girki, hayaƙi na cin idanunsu da ƙirazan 'ya'yansu, bishiyoyi na ƙarewa.

Ciniki da na nesa halal ne, amma haƙƙin maƙwabci yana gaba. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar a 2020, ba za a auna alherinsa ba sai ranar da talakan ƙauye ya ga amfaninsa. Shugaban da ya cika rumbu a teku, murhun talakawansa na hayaƙi, za a tambaye shi wannan amana ranar gobe. Allah Ya sa a gane, amin.