Gandu Da Gayauna: Shin Girma Gado Ne Ko Bashi?

Duk wanda ya san garuruwan arewacin Kano, tun daga Dawakin Tofa da Bichi har zuwa Ɗambatta da Makoɗa, ya san hira biyu ce ba ta ƙarewa a majalisar samari, wato hirar damina da hirar ƙwallo. A cikin ta ƙwallon kuwa akwai wata tambaya da ke dawowa kusan kowace shekara, ko a ƙofar gidan kallo ko a gindin rediyo: yaya aka yi babbar ƙungiya mai kuɗi, mai tarihi, mai dubban magoya baya, take shan kashi a hannun wadda jiya-jiya aka fara jin sunanta? Wasu su ce sa'a ce, wasu su ɗora wa alƙalin wasa, wasu ma su ce asiri. Mu da muke riƙe da alƙalami ya kamata mu ɗan tsaya mu duba, domin tambayar ta wuce filin wasa. Asalinta shi ne, shin girma gado ne da mutum zai ajiye ya riƙa ci, ko kuwa bashi ne da ake biya duk shekara?

Bari mu fara da gida. An kafa Kano Pillars a 1990, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku na Kano wuri guda. Ta ci gasar ƙasa a 2008, sannan ta jera uku a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali kofin yana hannun Misirawan, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Daga 2003 zuwa 2015, shekara 12 ke nan, babu baƙon da ya zo Kano a wasan gasar ƙasa ya koma da nasara, sai da Nasarawa United ta karya wannan ƙofi. Kirarin "Sai Masu Gida" ba a banza ya samu ba.

To, sai ga shekarar 2022. A watan Afrilu aka yi hatsaniya a wasanta da Katsina United a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, hukumar gasa ta zaftare mata maki. Da kakar wasa ta ƙare, sai ga Pillars a cikin ƙungiyoyi huɗu da suka gangara rukuni na biyu. Abin mamaki kuma, Heartland ɗin nan da suka kara da ita a gaban idon Afirka shekara 13 kafin nan, tare suka faɗa. Sun dawo a 2023, amma tabon yana nan. Dattawa kuwa za su tuna mana da Raccah Rovers, wadda ta kawo wa Kano kofin ƙasa a 1978, yau sai dai labari.

A ɗaya gefen kuma, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri tana rukuni na biyu ta ɗauki kofin ƙalubale a 2024. Remo Stars, daga ɗan garin Ikenne na Jihar Ogun, ta ci gasar ƙasa karon farko a 2025. A Ingila ma haka: Leicester ta ɗauki kofi a 2016 manya suna kallo, ita kuwa Manchester United, wadda samarinmu ke ɓatawa da juna a kanta, ta ƙare ta 15 a 2025.

Don mu fahimci wannan al'amari ba sai mun tafi Turai ba, amsar tana bayan gidajenmu. Karkarar Kano na cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a ƙasar noma ta Afirka ta Yamma. Gonaki ƙanana ne, gado ya yayyanka su, kuma babu sararin da za a bar gona ta huta, duk shekara sai an shuka ta. Amma ga shi kaka da kakanni ana noma wannan ƙasa ba ta mutu ba. Me ya raya ta? Taki. Da damina a ɗaure awaki da tumaki a turke, da kaka a tara musu harawa da karmami, da rani kuma a kwashe kashinsu da tokar murhu da sharar gida, a ɗora wa jaki a mangala ko a zuba a amalanke a kai gona, a jibge tsibi-tsibi. A haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya guda, a bar gawo a tsakiyar gona saboda albarkar ganyensa. Ƙarfin ƙasar karkara ɗauko shi ake yi a kai mata kowace shekara, tun kafin hadari ya taso.

Kowane ƙauye yana da labarin wani gandu da aka san shi da cika rumbuna a zamanin mai gida. Da mai gidan ya kwanta dama, 'ya'ya suka gaji filin da sunan, suka manta da mangala. Shekara ta farko gonar ta ba da amfani da sauran takin uba, ta biyu ta rage, kafin a ankara ƙuduji ya cinye ta. A gefenta kuwa ga 'yar gayaunar wani yaro, taku kaɗan ce, amma ya san kowace kunya a cikinta, kuma dami yake ɗaurewa. Mai wucewa zai ce abin mamaki. Wanda ya ga zirga-zirgar jakin yaron da rani ba zai yi mamaki ba.

Mene ne takin ƙungiyar ƙwallo? Shi ne aikin da ba a yi wa tafi: renon yara tun suna ƙanana, biyan ɗan wasa haƙƙinsa a kan kari, haƙuri da mai horarwa har shirinsa ya nuna, da ladabtar da magoya baya. Nan ne girma yake zama tarko. Yawancin manyan ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, shugabancinsu yakan sauya idan siyasa ta sauya, kuma kowane sabon shugaba so yake ya yi girbi a shekarar da ya zo, don haka sai ya sayo suna maimakon ya reni gwani. Magoya baya su ma, idan sun daɗe suna cin nasara, sai su ɗauka haƙƙinsu ce, har kunnen doki a gida ya zama cin mutunci da za a rama da jifa. Ita kuwa ƙaramar ƙungiya ba ta da tarihin da za ta jingina da shi, dole ta tashi da asuba. Remo Stars ta taɓa hawa ta faɗo, ta sake hawa, tana kuma da makarantar renon yara a gefenta. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Sai dai kada mu yaudari kanmu da cewa ƙanƙanta ita kanta falala ce. Idan muka ƙirga shekaru, manya sun fi ɗaukar kofi, shi ya sa ma nasarar ƙarami take zama labari. Akwai gayauna da yawa da ciyawa ta cinye, ba mai ba da labarinsu. Kuma ba kowace sabuwar ƙungiya ce marainiya ba. Barau FC, wadda Sanatan Kano ta Arewa Barau Jibrin ya kafa, ta hau rukunin farko a 2025 tana jaririya, amma da gatanta ta zo. Sannan akwai rabo, domin manomi yakan kai taki ruwa ya ɗauke. Abin da muke cewa shi ne, taki ba ya tilasta ruwa, amma idan ruwan ya sauka gonar da aka yi wa hidima ce ke amsawa. Ƙaramin da ya ci nasara ma, daga ranar ya shiga sahun masu bashi. Leicester ɗin nan ta gangara rukuni na biyu a 2023, shekara 7 kacal bayan ta ɗaga kofi.

Saura tambaya guda wadda ta shafi zuciya. Me ya sa muke jin daɗi idan babba ya faɗi? Wani jin daɗin na son adalci ne, domin ya tabbatar mana cewa gumi yana da lada, kuma ɗan talaka yana iya shiga fili da ɗan gata ya fito da kansa a sama. Wani kuwa hassada ce tsagwaronta, wadda ba ruwanta da wanda ya ci, burinta kawai ta ga wanda ya faɗi. Ga ma'auni mai sauƙi: idan aka tashi wasa, sunan wa ke bakinmu? Idan yabon ƙaramin muke yi, da sauran alheri a tare da mu. Idan kuwa dariyar babban kawai muke yi, to mu binciki kanmu. Hassada ga mai rabo taki ce, mai yin ta kuwa gonarsa ce ke zama saura.

'Yan'uwa marubuta, wannan magana tamu ce. A shekarun 1980, lokacin da tsadar takarda da matsin tattalin arziki suka sa manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, samari da 'yan mata ne a Kano suka tara 'yan kuɗinsu suka buga littattafansu da kansu. Masana suka kira abin adabin kasuwa, ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsu kuwa ta raɗa wa kanta suna Raina Kama, kowa kuma ya san ƙarashen karin maganar. Su ne suka mayar da karatun Hausa cikin ɗakunan matan aure da jakunkunan 'yan makaranta. Yau da yawa daga cikin 'yan gayaunar jiya su ne masu gandu, ga kuma wasu yaran sun taso suna rubutu a wayar hannu, ana yi musu irin kallon da aka yi wa na farko.

Don haka wanda ya yi suna a cikinmu ya sani cewa littafinsa na farko ba zai rubuta masa na biyar ba. Mai karatu kamar damina yake, ba ya tambayar gonar wane ce. Takin marubuci shi ne karatu, da sauraron bakin mutane a kasuwa da gona, da gyara bayan gyara, da karɓar suka daga wanda bai kai shi ba. Mai tasowa kuma kada girman sunaye ya karya masa gwiwa, kada kuma ya zaci raina manya shi ne gwaninta. Ya ɗauki mangalarsa tun da rani, ya bar wa Allah zancen ruwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, a gona da kuma a takarda, amin.