Zanen Ƙofar Mata da Sunan Uriya

Ɗan'uwana mai karatu, in hanya ta taɓa bi da kai ta Ƙofar Mata a birnin Kano, ka san marinar nan da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Ka ga ramukan karofi a jere, ka shaƙi warin baba da toka, ka ji amon bugu yana tashi daga ɗakin da ke gefe. Ni kuwa duk sa'ad da na wuce ta wurin, nakan tuna da wata tsohuwa ta ikkilisiyarmu wadda ta yi barci cikin Ubangiji, da wani baƙin zane da ta ajiye a ƙasan akwatinta.

Wanta ne ya sayi zanen. Manomi ne, saurayi, daga wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar Kano. Ya shigo birni cin rani, ya sayi farin saƙi, ya kai Ƙofar Mata a rina wa mahaifiyarsu. Kafin zanen ya fito daga wurin bugu, an ɗauke shi soja. Waɗansu a gidan sun ce dagaci ne ya nuna shi, waɗansu sun ce sha'awar kaki da albashi ce ta ja shi. Marinin dai ya riƙe amana, ya ba wani ɗan garinsu zanen ya kai gida. Bayan damina biyu saƙo ya iso cewa yaron ya mutu a Bama. Ba a ga gawa ba, ba a kuwa nuna wa kowa kabari ba.

Wata Lahadi bayan sujada tsohuwar ta tare ni a bakin majami'a, ta ce, "Ɗana, kai da kake karatu, gaya mini. A banza ya mutu?" Na ce, "Iya, ba ni lokaci." Gaskiyar magana, gudu na yi.

Kafin mu taɓa tambayarta, bari ka san inda aka kai irin waɗannan samari. A Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta kafa manyan rundunoni biyu na sojojin Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, 'yan Nijeriya kuwa su ne mafi yawa a cikinsu. An zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa dazuzzukan Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar, su kara da sojojin Japan. A 1944 sun yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, a Janairun 1945 suka karɓe garin Myohaung. Da yawansu ba su riƙe bindiga ba, 'yan dako ne masu ɗaukar harsashi da abinci a ka, cikin ruwan sama da zazzaɓi, a wuraren da mota ba ta shiga. Albashinsu bai kai na Baturen soja ba. In ka ji ana cewa barikin Dalet ko Kalapanzin a Kaduna, ko barikin Chindit a Zariya, to sunayen yaƙin nan ne kake ji. Mun riƙe sunayen wuraren da suka faɗi, sunayensu kuwa sun suɓuce mana.

Akwai amsoshi biyu da suke zuwa baki da sauƙi, dukansu kuwa na ƙi su. Ta fari ita ce ta ranar fareti: jarumi ne, ya ba da ransa domin 'yancin duniya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, gama mugunta ce aka yaƙa. Amma ƙasarsa da kanta ba ta da 'yanci a lokacin, sai 1960. Bai san Sarki Joji na shida ba, bai san abin da ya haɗa Ingila da Japan ba. In muka sa masa kalmomin da bai taɓa faɗa ba, mun rufe fuskarsa da kirari, mun kuma wanke waɗanda suka aike shi. Amsa ta biyu ita ce ta masu ɗacin rai: yaƙin Turawa ne, an yi amfani da shi an yar, sai a manta. Wannan ta fi muni. Ta yarda da hukuncin masu iko cewa ran talaka lamba ce a takarda.

Da na rasa mafita sai na koma ga Maganar Allah, na tarar da wani soja da na sha wucewa ta kansa ban tsaya ba. Buɗe 2 Sama'ila sura 11. Uriya Bahitte ne, wato asalinsa baƙo ne a Isra'ila. Yana yaƙi a bakin garun Rabba ta Ammonawa, nesa da gida, sarkinsa kuwa yana zaune a Urushalima. Ka san abin da Dawuda ya yi da matarsa. Ka san yadda aka kira shi gida don a rufe asiri, ya ƙi kwana a ɗakinsa saboda abokansa suna kwana a fili. Abin da ya fi sa jikina sanyi shi ne wasiƙar: shi da hannunsa ya kai wa Yowab takardar da ta umarta a sa shi inda yaƙi ya fi zafi, a janye a bar shi. Bai san abin da yake ɗauke da shi ba. Da labarin mutuwarsa ya iso fada, sarki ya aika a ce wa Yowab kada ya damu, haka yaƙi ya gāda.

A lissafin fada an rufe magana ke nan. Amma Ubangiji ya aiko annabi Natan, ya tsaya gaban sarki, ya kira mamacin da sunansa. Ka lura da abin da Littafi Mai Tsarki ya yi daga nan. Bai ƙawata mutuwar Uriya ba, kisan gilla ya kira ta. Bai kuwa bar amincinsa ya bi ruwa ba. A sura 23, inda aka jera jarumawan Dawuda su 37, da sunansa aka rufe jerin. Sa'an nan a farkon Bisharar Matiyu, cikin asalin Yesu Almasihu, da aka zo kan mahaifiyar Sulemanu, ba a ambace ta da sunanta ba, da sunan Uriya aka nuna ta. Sojan da sarki ya so a share, ga shi a shafin farko na Sabon Alkawari.

Daga nan na gane cewa tambayar Iya tambayoyi biyu ne a haɗe. Ko waɗanda suka aike shi sun yi masa adalci? A'a, kuma bai kamata mai bi ya ji nauyin faɗar haka ba. Ko ransa da amincinsa sun zama banza? Wannan ba ya hannun sarakuna. Darajar yaron ba ta rataya a kan darajar yaƙin ba. Ya ɗauki kayan da aka ɗora masa, ya raba ruwa da na kusa da shi, ya tuna da uwarsa da kuɗin cin raninsa. Allah da ya ga Uriya kwance a ƙofar fada ya ga wannan ma.

Na san abin da wani zai raɗa: ai bai ji bishara ba, gidansu ba su karɓi bangaskiya ba sai bayan yaƙi. Haka ne. Shari'ar ransa tana hannun Mai Shari'a wanda ba ya zalunci, ba a kuwa ba ni kujerar nan ba, kai ma ba a ba ka ba. Abin da aka bar mana shi ne tunawa. Musulmi da Kirista da Maguzawa sun kwanta a laka ɗaya a Kaladan. Marinin da ya aika zanen gida Musulmi ne, bai tambayi addinin uwar ba.

Duniya ma takan farga, ko da a makare. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, har da na 'yan Nijeriya. A Afrilun 2021 gwamnatin Birtaniya ta nemi gafara, bayan bincike ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu mata a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Amma ginshiƙin da ke Bama ba zai yi mana aikinmu ba. Wa a garinku zai je can ya karanta?

Ranar 15 ga Janairu ƙasa takan tuna da 'yan mazan jiya, majami'u kuma sukan yi sujadar musamman a Lahadin da ke kusa. Kafin ta zagayo, je wurin mafi tsufa a gidanku. Tambaye ta ko akwai wanda ya tafi Bama, ko Kongo, ko Laberiya, ko Saliyo, bai dawo ba. Rubuta sunansa, da na uwarsa, da na garinsa. Kai wa fasto, ka roƙa a karanta a gaban jama'a, ba kirari, ba ƙari.

Na koma wurin Iya bayan makonni, na ba ta labarin Uriya. Ta saurara har ƙarshe ba ta ce kome ba. Sai ta jawo akwatin, ta warware zanen a kan cinyarta. Wajen ninkin ya koɗe, amma tsakiyarsa tana nan da ƙyallinta. Ta faɗi sunan wanta sau biyu, a hankali, ta ce in rubuta a bayan littafin waƙoƙina.