Kasuwar Dare da Masu Kewarta

Kasuwa iri biyu ce a ƙasar Hausa. Akwai babba, wadda ke ci ranar da aka yanka mata a mako, inda a ke kai hatsi da dabbobi da auduga, fatake su zo daga nesa, dillalai su yi ta kai da kawowa. Irinta ce kasuwar Sheme a ƙasar Faskari, wadda ta yi suna wajen shanu, da ta Dandume, wadda ta yi suna wajen hatsi. Akwai kuma wata 'yar ƙarama wadda ba ta da Sarkin Kasuwa, ba ta da rumfuna, ba a kuma yi mata shela. Ba ta fara ci sai an idar da sallar magariba, ta yi ƙarfi bayan lisha, ta watse sa'ad da man fitila ya ƙare. Ita ce kasuwar dare. Duk wanda ya tashi a Tafoki, ko wani gari irinta a ƙasashen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ba ya bukatar a kwatanta masa ita.

Wurin zamanta bakin tasha ne, ko dandali, ko gefen masallaci. Ga mai tsire ya kafa tukubarsa, ga mai shayi ya jera burodi da gwangwanayen madara, ga mai masa ta ɗora tanda tana juyawa da koshiya. In hunturu ne sai ka ga mai rake ya jingine kayansa yana ta sara. 'Yan mata kuwa su kan jeru da ƙosai da ɗanwake da dafaffiyar gyaɗa da daƙuwa, kowace da fitilarta a gabanta. A zamanin da, fitilar aci-balbal ce, watau gwangwani da lagwanin tsumma, hayaƙinta ya fi haskenta yawa. In kaka ta yi kyau a kan ji kalangu daga wani gefe, 'yan mata na gaɗa, samari na tsaye nesa kaɗan suna yi kamar ba su a ke jira ba.

Baƙin wannan kasuwa su ma iri biyu ne. Na farko shi ne ɗan gari wanda neman abinci ya kai shi Kano, ko Kaduna, ko Abuja, ko Legas, ba ya zuwa gida sai da salla ko rasuwa. Da ya ajiye kaya ya gai da iyaye, sai ya ce bari ya leƙa kasuwar dare. Na biyu shi ne mai yawon buɗe ido, wanda bai taɓa zama a garin ba, amma ya ji labari yana so ya gani. Irin wannan ba safai ya kan kai ƙauyukan kudancin Katsina ba, ya fi tsayawa birane inda a ke hawan salla. Amma abin mamaki, su duka biyu magana guda su kan yi: wai sun zo su ga zaman da. Na farko yana kewar ƙuruciyarsa, na biyu kuwa yana kewar abin da bai ma taɓa mallaka ba.

To, abin tambaya shi ne, wannan kewa abin kirki ce ko kuwa son zuciya ne? Masu magana dai sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. In haka ne, watakila mai kewar kasuwar dare ba kasuwar ya ke so ba, zamansa na birni ne ya ishe shi.

Akwai gaskiya a nan, ba kaɗan ba. Zuciyar ɗan Adam kamar rariya ta ke, sai dai ita tsakuwar ta kan zubar, ta riƙe garin. Ɗan garin nan ya kan tuna masa ta kwabo guda ta ƙosar da shi, ya mance kwabon nan sai da ya yini yana tsinkar auduga kafin ya same shi. Ya kan tuna hasken aci-balbal, ya mance tari da jan ido. Ya kan zauna gaban tsohuwa mai masa ya ce, "Inna, ina masa irin ta da? Ta yanzu ba ta kai ta daɗi ba." In tsohuwar mai wasa ce sai ta ce, "Alhaji, tandar ma ita ce ba ta sake ba. A da da yunwa ka ke zuwa, yanzu kuwa da ƙoshi." Lalle tsohuwa ta gama magana. Ba sule da sisi kaɗai suka tafi ba tun da aka kawo naira a 1973, har bakin da ya ci masar ya tafi.

Amma wannan ƙaramin laifi ne, gama kansa kaɗai ya ruɗa. Babban laifin yana wani wuri. Mai kewa ba ya so abin da ya ke kewa ya sake kama. In ya tarar an kawo fitilar lantarki ko mai aiki da hasken rana, sai ya ce an ɓata wuri. In ya ga mai shayi na karɓar kuɗi ta waya, sai ya ce zamani ya lalace. Alhali kuwa shi a gidansa na birni ba aci-balbal ya ke kunnawa ba, 'ya'yansa kuma ba su taɓa ɗaukar talla ba. Yana so waɗansu su dawwama cikin halin da shi ya guje wa, domin in ya zo kwana uku a shekara ya sami abin kallo.

A duba yarinyar nan mai ƙosai. Ba don ta ƙawata gari ta fito ba. Uwarta na cikin kulle, ba ta da hanyar kai sana'arta ga masu saye sai ta hannun 'yarta, kuma da ribar nan a ke tara kayan ɗakin da za a kai yarinyar da su gidan miji. Wannan tsari ne mai dalili, wanda ya rufa wa gidaje da yawa asiri, bai kamata a yi masa kallon raini ba. Duk da haka yarinyar da ta kai ƙarfe goma sha ɗaya na dare a bakin tasha, in ta je makaranta da safe barci za ta yi, in ma ta je ke nan, ko da ya ke tun 2004 dokar ƙasa ta wajabta karatun firamare da na ƙaramar sakandare a kan kowane yaro. Akwai kuma abin da ya fi barci muni, wanda iyaye sun san shi, gama ba duk mai tsayawa gaban tire ne ƙosai ya kawo shi ba. Baƙo ya kan ga fitila da murmushi ya tafi da su a zuciyarsa. Lissafin da a ke yi a ɗaki in ta komo da kwantai, ba ya wurin.

Sai dai kada a tsaya nan a yanke wa kewa hukunci. In da ruɗi ce zalla, da ba a same ta wurin kowace al'umma ba, har da masu hankalinsu. Ga misali daga ƙasar Sin. A zamanin sarakunan Song, babban birninsu Kaifen ya shahara da kasuwannin dare, a na ciniki har tsakar dare. A 1127 mayaƙa daga arewa suka ci birnin, suka tafi da sarki, jama'a suka watse kudu. Wani daga cikin waɗanda suka gudu, mai suna Meng Yuanlao, ya zauna bayan shekara ashirin, watau a 1147, ya rubuta littafi a kan birnin da ya rasa. Abin lura shi ne bai cika littafin da labarin yaƙi ba. Tituna ya bi ɗaya ɗaya, yana faɗin abin da a ke sayarwa da dare, da sunan kowane irin abinci, wani har da kuɗinsa. Mutumin da aka ci garinsu, me ya kai shi lissafin soye-soye? Dalili shi ne ya gane abin da soye-soyen nan ke nufi. Garin da mutum zai fita tsakar dare neman abin taɓawa, ya komo gida lafiya, gari ne mai zaman lafiya. Littafin nan har yau masana na dogara da shi wajen sanin yadda birnin ya ke.

Haka abin ya ke a nan. Kasuwar rana ko a lokacin tsoro ta kan ci, domin dole ce ke kai mutane, sai an sayar da hatsi a ke sayen gishiri. Kasuwar dare kuwa ba dole a cikinta. Ba ta ci sai uwa ta amince 'yarta ta fita bayan lisha, mai tsire ya amince ya zauna da cinikinsa a aljihu cikin duhu, mai gari ya amince baƙon da ya sauka daga mota baƙo ne kurum. In ɗaya daga cikin waɗannan ya rushe, fitilu sai su ɗauke. Saboda haka ita ce ma'aunin amana, ta fi kowace takardar hukuma faɗin gaskiyar halin da gari ke ciki.

Mutanen wannan yanki sun ga haka da idonsu. A watan Yuni na 1920 babu wanda zai yi mafarkin abin da ya faru shekara ɗari bayan nan, sa'ad da 'yan bindiga suka afka wa Kadisau a ƙasar Faskari a Yunin 2020, suka kashe mutane da yawa. Ran 11 ga Disamba na wannan shekara, da dare, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a Ƙanƙara, ba a sako su ba sai bayan kwana shida. A ƙarshen Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta tsai da cinikin dabbobi a kasuwannin waɗansu ƙananan hukumomi, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ta kuma taƙaita yawon babura da dare. A Satumba aka yanke layukan waya a yankin. Daga baya an sassauta waɗannan matakai. Amma ƙaramar kasuwar nan ba da doka ta ke rufewa ba, ba kuwa da doka ta ke buɗewa ba. Inda mutane suka koma shiga gida da magariba, ko kwana a wani gari su komo da safe, wa zai hura wutar tukuba? Da can a kan ce dare mahutar bawa. Ɗaya karin maganar, mai cewa dare rigar mugu, ita ta yi rinjaye a waɗannan shekaru.

To, ɗan Tafoki da ke zaune a Kaduna, in ya ce yana kewar kasuwar dare, ba a ce masa mai ruɗin kai kurum ba. Shaida ce ya ke bayarwa cewa an taɓa zama ba haka ba. Yaron da aka haifa a 2015 a waɗansu ƙauyukan nan bai san dare ba sai da faɗuwar gaba. In babu wanda zai gaya masa cewa uwarsa ta yi gaɗa a dandali har wata ya faɗi, zai tashi yana zaton tsoro shi ne asalin zaman duniya. Wanda kuwa bai san an taɓa samun abu ba, ba ya neman a komo masa da shi.

Saura baƙo na biyu, mai kallo. Abin da kallo ke yi wa kasuwa a na ganinsa a birnin Marrakish na ƙasar Maroko. Can akwai wani babban fili, Jami'ul Fana, inda masu abinci da makaɗa da masu ba da labari ke taruwa kullum da dare. A 2001 hukumar UNESCO ta sa shi cikin abubuwan gado na duniya. Masu yawon buɗe ido na kawo kuɗi, iyalai da yawa na ci daga gare su, wannan ba abin musu ba ne. Amma baƙon da bai ji harshen gari ba ba ya zama ya saurari labari, hoto ya ke so, saboda haka masu ba da labarin, waɗanda su ne ƙashin bayan sunan filin, suka yi ta raguwa. Kasuwa ta kan bi mai kuɗi. In mai kuɗin abin da ya ke saye shi ne kamannin da, to, kamannin za a yi ta sayar masa.

Abin da ya raba kewa mai kyau da maras kyau ke nan, watau ko mai ita yana ganin mutanen da ke bayan fitilar, ko kuwa fitilar kaɗai ya ke gani. A na gane haka ta ƙananan abubuwa. Akwai wanda zai sayi kwalbar lemo a otal ba tare da ya tambayi kuɗinta ba, ya zo ya tsaya yana taya ƙosan yarinya, wai shi ɗan gari ne ya san farashi. Akwai wanda zai ɗaga waya ya ɗauki hoton matar mutane ya watsa a Facebook bai nemi izininta ba. Akwai kuma wanda in ya ci masar Inna zai tambaye ta jikanta aji nawa ya ke, in ya koma birni ya tuna da kuɗin littafi. In 'yan gari mazauna birni suka haɗa kuɗi, ya kan ce a kafa fitila mai hasken rana a dandali, ko da ya san hasken zai kashe abin da ya ke zuwa gani.

Mai masa dai ba ta da lokacin wannan muhawara. Ita abin da ta ke dubawa da la'asar shi ne ko ta jiƙa shinkafar gobe mudu biyu ko mudu ɗaya, gama in an ji ƙarar bindiga daga wajen daji, ƙullun da ta kwaɓa asara ne. Ranar da ta jiƙa mudu biyu ba tare da ta aiki yaro ya jiyo labari ba, maƙwabta su kan lura.