ƊAURE ABOKIN HAMAYYA: ME SHARI'A TA CE?

Yabo da godiya su tabbata ga Allah, Sarkin da mulkinSa ba ya gushewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya san Zariya ya san Hanwa tana tsakanin wurare biyu. Idan mutum ya tsaya a bakin titi ya dubi hanyar Samaru, jami'ar da aka kafa a 1962 yake duba, wadda take ɗauke da sunan Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, shugaban jam'iyyar NPC. Idan kuwa ya juya ya dubi Sabon Gari, yana duban garin Hajiya Gambo Sawaba ne, shugabar matan NEPU, wadda aka ƙidaya shigarta kurkuku har sau 16 a zamanin da NPC take da iko. Dukansu biyu Musulmi ne, dukansu kuma sun koma ga Ubangijinsu, shi a 1966, ita a 2001. Hukuncinsu yana gare Shi. Abin da ya rage wa masu rai shi ne su tambaya: shin addini ya yarda mai mulki ya ɗaure mutum, ko ya sa a dake shi, don kawai ya ƙi jam'iyyarsa?

An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, Malam Aminu Kano kuma ya zama shugabanta a 1953. Kukanta shi ne a sauƙaƙa wa talaka haraji da aikin tilas, a kuma gyara mulkin En'e. A wancan zamani kuwa kusan kome yana hannun En'e. Ita take ba da izinin lacca, ita take hanawa. 'Yan doka nata ne, alkali ita take naɗa shi, gidan yari ma nata ne, lauya kuma ba ya tsayawa a gaban alkali. Manyan En'e da yawa su ne manyan NPC. To, sai ya zamana mai ƙara da mai kamu da mai hukunci da mai tsaron ƙofar kurkuku duk 'yan gida ɗaya ne. Laifuffukan da aka fi kama 'yan NEPU da su su ne yin lacca ba izini, da zagin sarki ko hakimi, da neman ta da hankali. Hukuncin kuwa bulala, ko tara, ko ɗauri, ko kora daga gari. A Kano har aka sami gungun 'yan ta-kife da ake kira 'Yan Mahaukata, masu tarwatsa taron NEPU, ita ma NEPU ta shirya nata samarin don ramuwa.

Hajiya Gambo, wadda aka haifa a 1933, ta shiga NEPU a Zariya tana da shekara 17. Farkon ɗaurinta a Kano aka yi shi, inda alkali ya yanke mata wata uku bisa zargin tana fito da matan kulle zuwa siyasa, daga baya kuma aka kore ta daga garin. Ta sha duka, an aske mata kai, an sa ta aikin wahala. Babban abin da take nema shi ne a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai a 1976. Yau ga babban asibiti a Ƙofar Gayan da sunanta, matan da ake cewa ta ɓata kuwa jikokinsu suna bin layin zaɓe ba mai cewa sun yi saɓo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da aka ɗaure ta dominsa ba laifi ba ne a wurin Allah.

Ba a faɗi wannan don a tozarta magabata ba. Gwamnatin NPC ta yi ayyukan alheri masu yawa, jami'ar Samaru tana cikinsu. Akwai alkalai masu tsoron Allah da suka ƙi a yi amfani da su, akwai kuma 'yan NEPU da bakinsu ya wuce gona da iri. Amma alheri ba ya halatta zalunci, kamar yadda yawan nafila ba ya halatta cin dukiyar maraya.

To, me shari'a ta ce? Da farko, Allah Maɗaukakin Sarki Ya ɗora wa muminai adalci ko a kan wanda suke ƙi. Ma'anar aya ta 8 a cikin Suratul Ma'ida ita ce ƙiyayya ba uzuri ba ce ta barin adalci. Aya ta 135 a cikin Suratun Nisa'i kuwa ta wajabta tsayar da gaskiya ko da za ta faɗa a kan mutum kansa, ko iyayensa, ko danginsa. Idan gaskiya ta fi uwa da uba, ina ga jam'iyya? Har wa yau, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya gargaɗe shi game da addu'ar wanda aka zalunta, domin ba ta da shamaki. Wannan gargaɗi gwamna aka yi wa, sahabi kuma, mutumin da ya fi kowane mai mulkin yau daraja.

Na biyu, malamai sun bambanta tsakanin mai saɓani da mai tawaye. Mai tawaye shi ne wanda ya tara jama'a ya ɗauki makami a kan shugaba, shi ma sai an kira shi an ji kukansa kafin a yaƙe shi. Mai saɓani kuwa wanda ya ce bai yarda da yadda ake tafiyar da al'amari ba, da bakinsa ko da alƙalaminsa ko da ƙuri'arsa. Wannan ba shi da hukunci sai amsa. Hujja a nan ita ce Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda. Hawarijawa sun katse masa huɗuba a masallacin Kufa, har sun kafirta shi. Duk da haka ya bar musu haƙƙi uku: shiga masallaci, da rabonsu daga dukiyar jama'a muddin suna tare da Musulmi, da kuma cewa ba zai fara yaƙarsu ba. Bai zare musu takobi ba sai da suka zubar da jinin bayin Allah. Halifa ke nan, surukin Annabi, bai ɗaure wanda ya kafirta shi ba. Yaya kuwa hakimi zai ɗaure wanda ya ce haraji ya yi yawa?

Na uku, akwai abin lura game da mazhabar da alkalan ƙasar nan suke hukunci da ita. Shi kansa Imamu Malik bulalar siyasa ya sha. Wajen shekara ta 146 bayan Hijira, ya ba da fatawa cewa sakin wanda aka tilasta bai auku ba. Masu mulki suka fahimci wannan yana nufin mubaya'ar dole ma ba ta ɗaure kowa. Sai gwamnan Madina, Ja'afar ɗan Sulaimanu, ya sa aka yi masa bulala har kafaɗarsa ta goce. Imamu Abu Hanifa a tsare ya rasu a Bagadaza a shekara ta 150, bayan ya ƙi karɓar alƙalanci. Imamu Ahmad ɗan Hambali ya sha ɗauri da bulala a zamanin Halifa Mu'utasim. Alkalin da ya buɗe Muhtasar ko Risala ya yanke wa ɗan hamayya bulala don ya faranta wa mai gari, ya tsaya ne a sahun Ja'afar, ba a sahun Malik ba, ko da littafin Malikiyya ne a kan cinyarsa. Daga fatawar nan kuma ana gane cewa duk wanda aka tsare aka sa ya rantse zai bar jam'iyyarsa, ko zai zaɓi wane, zunubin rantsuwar yana wuyan wanda ya tilasta shi.

Wani zai ce ai shari'a ta ba shugaba ikon ta'aziri, watau horon da ba a ƙayyade ba. Gaskiya ne. Amma ta'aziri horo ne a kan saɓo tabbatacce, da shaida, gwargwadon laifi, don gyara. Idan ɗan jam'iyyar gwamnati ya yi taro ba izini aka yi shiru, ɗan hamayya ya yi irinsa aka ba shi wata shida, wannan son zuciya ne aka sa wa rawani. Hadisi ya kasa alkalai uku, biyu suna wuta, ɗaya daga cikin biyun nan kuwa shi ne wanda ya san gaskiya ya karkace. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa irin waɗannan halaye cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su: hukunci bisa son rai, da ƙwace dukiya, da karɓar gaisuwa. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don ya nuna wa masu mulki iyakarsu. Watau wanda ya ce a yi wa talaka adalci bai fita daga tafarkin Shehu ba, a kansa yake.

Ɓarnar ba ta tsaya kan waɗanda aka daka ba, ta taɓa shari'ar kanta. Koke-koken da aka yi ta kaiwa game da kotunan En'e suna cikin abin da ya sa aka kira kwamitin masana a 1958, a ƙarƙashin Babban Joji na Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga nan aka fito da dokar Final Kot wadda ta fara aiki a 1960, ta maye gurbin fiƙihun Malikiyya a shari'ar laifuffuka, aka riƙa kawo alkalai Kongo, nan Zariya, ana koya musu ita. A 1968 kuma gwamnatin soja ta raba kotunan da En'e. Wanda ya ɗauki shari'a ya mai da ita sandar dukan abokin gaba, ya ba masu neman a kawar da ita hujja a hannu.

Sa'an nan kuma duniya rawar 'yan mata ce. A watan Mayu na 1966 soja suka soke jam'iyyu duka, NPC da NEPU rana ɗaya. A 1981 majalisar Jihar Kaduna, wadda NPN take da rinjaye a cikinta, ta tsige Gwamna Balarabe Musa na PRP. Ba a cika shekara uku ba soja suka dawo, a 1984 gidajen yari suka cika da 'yan siyasa, na NPN da na PRP da sauransu, suna shan ruwa a randa ɗaya. A Nijar an haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, aka ɗaure magoya bayanta, wasu suka gudu. Da ƙofar magana ta rufe sai wasunsu suka ɗauki bindiga a 1964, aka zubar da jini. A 1974 shi ma Shugaba Diori Hamani aka kifar da shi, ya yi shekaru a tsare. Masu iya magana suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Wannan cuta ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A Turkiyya, Kurdawa, dangin Salahuddinil Ayyubi wanda ya karɓo Ƙudus a 1187, sun ga irinta. An ɗaure Leyla Zana, 'yar majalisa, daga 1994 zuwa 2004. An kama Selahattin Demirtash, shugaban jam'iyyar HDP, a 2016. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce a sake shi a 2020, amma a 2024 aka yanke masa shekara 42. An kuma tsige zaɓaɓɓun magadan gari da dama aka naɗa wakilan gwamnati. Hujjar gwamnati ita ce suna da alaƙa da 'yan bindigar PKK. Mizanin Sayyidina Aliyu ya isa a nan ma: wanda ya zubar da jini a kama shi da shaida, wanda ya zo da ƙuri'a a amsa masa da ƙuri'a.

Saboda haka kowa yana da nasa nauyi. Mai mulki ya sani suka ba tawaye ba ce, mai gaya masa aibinsa ya fi mai yi masa kirari amfani. Alkali da ɗan sanda su tuna babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci, ranar hisabi kuma ba za a karɓi cewa daga sama aka ba da umurni ba. Malami kada ya ara wa jam'iyya mumbarinsa, kada ya fitar da Musulmi daga addini saboda katin jam'iyya. Ɗan hamayya shi ma ya sani zaluncin da aka yi masa bai halatta masa ƙarya da ƙazafi da zagin iyaye ba, in kuma ya hau gobe, kada ya rama da abin da ya yi kuka da shi jiya. Saurayin da ake ba 'yan kuɗi da gora don ya tarwatsa taro, daga Hanwa ne ko Samaru ko Sabon Gari, ya dubi wanda za a aike shi ya fasa wa kai: da shi zai haɗa sahu ran Juma'a. Talaka kuwa, in aka kama maƙwabcinsa kan ra'ayi, kada ya ce ba ruwansa don jam'iyyarsu ba ɗaya ba ce. Ya leƙa iyalinsa, ya faɗi gaskiya in an nemi shaida, domin haƙƙin maƙwabtaka bai san jam'iyya ba.

Allah Ya jiƙan magabata baki ɗaya, Ya yafe musu kurakuransu. Allah Ya ba shugabanni tsoronSa, Ya ba alkalai ƙarfin zuciya, Ya fitar da duk wanda yake tsare bisa zalunci, Ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.