Cokali Uku a Kofin Shayi Guda

Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, a ƙafa suka zo har bakin Shuɗin Nilu. 'Ya'yansu suka yi aikin auduga a gonakin Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, cimarsu tuwon dawa da fura da nono. Jikansu na yau kuwa, ko kasuwar bayan gida zai je sai ya tare raksha, wato keke mai ƙafa uku. Shayin safe cokali uku na sukari, na hantsi haka, ga gahawar jabana bayan azahar. In baƙo ya ce a rage masa zaƙi, sai a ga kamar ya raina karamcin gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muka mai da teɓa shaidar hutu. Magidanci ya ajiye tumbi, a ce Allah ya buɗa masa. Yarinya za ta yi aure, uwa ta sayo mata ƙwayoyin ƙiba, alhali wasunsu irin su dexamethasone ne, waɗanda ke ɗaga sukarin jini. Haba iyayenmu mata! Kumburin fuska ba lafiya ba ne.

Likitoci sun daɗe da auna alaƙar teɓa da ciwon sukari. A 2002 wani babban bincike a Amurka ya bi mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Maganin metformin ya rage kashi 31 ne kawai. A 2017 Farfesa Roy Taylor na Newcastle da Farfesa Mike Lean na Glasgow suka nuna cewa ko wanda ciwon ya kama, in bai daɗe da shi ba, yana iya lafawa: kashi 46 na waɗanda aka taƙaita wa abinci bisa kulawar ma'aikatan lafiya, sukarinsu ya daidaita ba magani bayan shekara guda. Kitsen da ya taru a hanta da saifar sukari ne ke narkewa, jiki ya koma jin insulin.

Mun ga halin da masu ciwon suka shiga lokacin da yaƙi ya ci Wad Madani a Disambar 2023: kantunan magani a rufe, ba wutar da za ta sanyaya insulin. Wanda ke kan allura ko ƙwaya kada ya yar da ita don jiƙon wani mai magani ko shawarar maƙwabci. Wanda ya haura arba'in, ga tumbi, ga yawan fitsarin dare da ƙishirwa, ya je a auna jininsa tun kafin ɗan gyambon yatsa ya kai ga yanke ƙafa.