Zaren A Hannun Wa?

Ya kai ɗan'uwa, ga wata 'yar tambaya. Hunturu ya kama, iska tana tasowa da ƙarfi, ta kwanta, ta sake tasowa. Ka haɗa wa ɗanka mai shekara 2 jirgin leda da tsinken tsintsiya, kun fita fili. To, zaren a hannun wa zai zauna?

In ka riƙe, jirgin zai tashi sosai, amma yaro ya zama ɗan kallo, kai ne ke wasa da sunansa. In ka bar masa, iska ta fizge, sai kuka. Da yawa cikinmu sukan ƙwace zaren, har da tsawa, wai kada a yi asara. Asarar me? Leda ce fa! Abin da ya dace shi ne ka durƙusa, ka ɗora hannunka a kan nasa. In iska ta ja, ku saki zare. In ta lafa, ku naɗe. Bari ya ji jan a tafinsa.

Kada ka ce kunyar ɗan fari ta hana ka durƙusawa. Wannan al'ada ce kawai. Manzon Allah (SAW) ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama.

Amma ka lura da inda kuka tsaya. A Talata Mafara, Bakura da Maradun, magudanan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, sun ratsa gonaki, kuma wanda idonsa ke sama ba ya ganin gaɓa. In jirgin ya nufi ruwa ko wayar lantarki, sake shi ya tafi, ka kama yaron. Gobe ka haɗa masa wani.