Ba Kowane Toho Ne Alamar Tsira Ba

A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, akwai wata bishiyar ado ta Japan, 'yar'uwar wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada, da ake yi wa aure kamar yadda muke yi wa mangwaro. Idan sanyi ya ƙona ta, mai ita kan rasa yadda zai yi da ita. Mu a Kura da Bunkure ba mu san ƙanƙara irin tasu ba, amma mun san hunturu, mun kuma san wannan ruɗani.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ya fara zuwa mana da rani. Muka riƙe shinkafa da alkama da tumatir, wasu kuma suka dasa mangwaro mai aure a gefen gonaki. Bishiyar mai aure rai biyu ce a jiki ɗaya. Gindin na mangwaron gida ne da aka shuka daga ƙwallo, mai jure wuya. Saman kuwa reshe ne da aka yanko daga iri mai daraja, aka ɗaure da leda har ya kama. Saboda wannan reshen ne ake samun 'ya'ya manya cikin shekara uku zuwa huɗu, maimakon dogon jiran mangwaron ƙwallo.

To, sanyin Disamba da Janairu da alkama ke so, ƙaramin dashe ba ya son busasshiyar iskar da ke tare da shi. Idan ruwa ya yanke, ko wutar bambaron shinkafa ta lashe shi, saman ne ke fara bushewa. Bayan 'yan makonni sai ga toho kore shar ya fito daga ƙasan mahaɗar auren. Mai wucewa zai ce, "Alhamdu lillahi, ta tashi." Wanda ya san lambu kuwa sai jikinsa ya yi sanyi, don ya san gindin ne ya toho. Idan aka bar shi zai shanye ruwan jikin bishiyar, reshen da aka aura ya ƙarasa mutuwa. Shekaru za su shuɗe, a samu bishiya mai inuwa, amma 'ya'yanta ƙanana masu zare.

Tambayar ita ce, me muke nufi idan muka ce mun ceci abu? Numfashinsa kawai, ko kuwa abin da aka yi masa wahala dominsa?

Masu lambu sun ba da amsa da hannunsu. Da farko ba sa gaggawar sara. Sukan kankare ɓawon reshen da farce, idan ƙarƙashinsa kore ne, da sauran rai. Sai su ba shi ruwa daidai, su rufe gindin da ciyawa, su jira ɗumi ya dawo. Sannan su yi abin da ke da ciwo a ido: su cire lafiyayyen tohon ƙasa domin raunanan na sama. Ba don tohon mugu ba ne. Ƙarfin bishiyar ne ba zai ishe su duka biyu ba.

Mu dubi gidajenmu. Yaro yana makaranta, sai rashin lafiyar uba ko asarar tumatir ta bugi gidan. Ya fita korar tsuntsu a gonar shinkafa, ko dakon kwando a bakin titin Zariya. Kuɗi ya fara shigowa kullum, gida ya ɗan numfasa, mu ce yaro ya zama mutum. Wannan shi ne tohon ƙasa. Gaskiya ne yana da rai, kuma sana'ar gona ba abin kunya ba ce, ita ta ciyar da mu duka. Amma ya fi karatu saurin nuna kansa, kuma idan ba a taƙaita shi ba, shi zai cinye lokacin yaron duka.

Wani zai ce mai ƙoshi ne ke wannan magana, gidan da ba tuwo ba ya jiran shekara huɗu. Ba mu musa ba. Shi ya sa nauyin ba na uban kaɗai ba ne. Dashen da ya ji jiki maƙwabci kan taimaka masa da ruwan injinsa. Kawu ko gwaggo da za su ɗauki kuɗin littafi na zango guda sun yi irin wannan ban ruwa.

Idan kuma an kankare ɓawon aka tarar ya bushe ƙayau, mai lambu ba ya tuge bishiyar. Yakan zaɓi toho ɗaya mai ƙarfi daga gindin, ya bar shi ya yi kauri, ya sake yi masa aure. An yi asarar shekara ɗaya ko biyu, amma saiwar da ta riga ta yi nisa a ƙasa tana nan. Haka saurayin da karatu ya kuɓuce masa: ajin yaƙi da jahilci ko koyon gyaran injin ban ruwa na iya kamawa a jikinsa.

Abin da bai kamata mu yi ba shi ne mu ga kore mu juya baya, mu ce an gama. Kafin mu yi murna, mu durƙusa mu duba daga ina tohon ya fito.